Aska da tambari a kan ƙyalle: aikin hannu na ratayewa a bango

Yawancin masu koyon ɗinkin ado na hannu a yanzu daga waya suke ɗaukar darasi, shi ya sa kusan kowa da furanni da ganyaye yake farawa. Ba laifi ba ne, hannu yana faɗawa da su. Sai dai muna da zanen gida da ya fi su koyar da allura, kuma ana barinsa ne kawai don ana ganin sai mai ɗinka babbar riga ke da hurumin taɓa shi. Aska (doguwar siffa mai tsini), tambari (layi mai naɗewa ya yi da'ira), dagi, gidan biyar, duk ana iya ciro su daga jikin riga a zauna da su a kan ƙyalle ɗan madaidaici, a gama, a sa a firam a rataye a falo. Rigar aska takwas ta gaske tana cin watanni a hannun gwani. Aska biyu da tambari ɗaya kuwa, mai koyo da ke samun awa guda kullum da yamma zai iya kammala su cikin mako biyu zuwa uku.

A da, malamai ne suka fi yin zayyanar riga, domin hannunsu ya saba da alƙalami da tawada, sannan masu allura su bi layin. Daga baya mata suka shiga sana'ar sosai, musamman a birnin Zariya. Zaren da ake ji da shi a wancan zamani shi ne tsamiya, wato silikin da ake samu daga gidan tsutsa, a dafa shi da toka, a kaɗa shi da hannu, ya fito da launin ƙasa-ƙasa mai haske. Akwai kuma alharini mai ja da fatake ke kawowa ta hamada. A riga, babban aikin yana zama ne a kan aljihu ta hagun mai sawa, tambari kuma ta dama da kuma baya. Wannan tsarin ya kamata mai yin na bango ya riƙe: askake a gefe guda, tambari a ɗaya gefen yana daidaita musu nauyi.

Yadi shi ne farkon inda ake faɗuwa. A nemi na auduga zalla, mai saƙa a bayyane, ba mai kauri sosai ba, ba kuma shara-shara ba. Farin alawayyo mai kyau ko akoko mai jiki sun wadatar. Shadda tana da ban sha'awa, amma saƙarta a matse take, ga santsi, ga ƙyalli da ke ɓoye layin fensir, kuma duk inda allura ta huda aka farke, tabon yana nan. A bar ta sai hannu ya nuna. Yadi mai roba a ciki, wanda in an ja shi yake miƙewa, kada ma a gwada.

Zanen da za mu yi bai wuce santimita 20 ta kowace fuska ba, don haka a yanki ƙyalle santimita 40 da 40. Wannan ragowar santimita 10 ta kowane gefe ita za ta ba zoben katako wurin kamawa, ita kuma za a naɗe a bayan kwali a ƙarshe. Kafin a zana komai a wanke ƙyallen a goge shi. Auduga tana tsukewa a wankin farko. Idan aka yi aikin a kan sabon yadi sannan aka wanke, yadin zai tsuke, zaren bai tsuke tare da shi ba, sai aikin ya yi tudu da kwari, kuma babu gugar da za ta kwantar da shi. A zare silin zare ɗaya daga gefe don a ga ainihin miƙewar saƙar, a yanka a kan wannan layin, sannan a yi wa gefunan kalmasa ko da ta gaggawa ce, don kada su riƙa tsefewa suna shiga cikin aiki. Idan yadin bai da jiki sosai, a shimfiɗa masa wani farin ƙyalle mara nauyi a baya, shi ma wankakke, a haɗa su da dogon ɗinki. Huji, wato ƙananan ramukan da ake kewayewa da zare, yana jan yadi da ƙarfi, kuma wannan shafin yana hana shi yagewa.

Sai zane. A fara a takarda mai gida-gida, irin ta littafin lissafi. Kowace aska a ba ta faɗin santimita 3 a gindi da tsawon santimita 12 zuwa tsini. A jera biyu kusa da juna, tsininsu yana kallon ƙasa, da tazarar rabin santimita a tsakani. A yanke siffar aska ɗaya a kwali mai ƙarfi, da ita za a zana duka biyun, domin ido yana saurin kama bambanci tsakanin abubuwa biyu da ya kamata su zama ɗaya. Tambari kuma a yi shi da kamfas ɗin 'yan makaranta: da'ira takwas a cikin juna, da tazarar rabin santimita tsakanin kowace da ta cikinta, ta wajen ta kai faɗin santimita 8. Daga nan a ɗauki fensir a riƙa zamewa a hankali daga kowace da'ira zuwa ta gaba da ita, har ya zama layi ɗaya da ya taso daga tsakiya yana naɗewa zuwa waje. Don mayar da zanen kan ƙyalle, a manna takardar a gilashin taga da rana, a ɗora ƙyallen a kai, a bi layin.

Abin zanen yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Fensir mai tsini, a ja shi da sauƙi, shi ya fi aminci a farin yadi. Biro ba ya fita. Takardar kabon ta ofis ma haka, ga shi tana shafar zare. Akwai shuɗin alƙalami da ruwa ke gogewa, yana da kyau, amma kada dutsen guga ya hau layinsa kafin a wanke, zafi yana iya zaunar da shi. Akwai kuma wanda zafi ne ke goge shi, shi wannan a ƙasarmu sai da lura: a bar aikin a cikin mota da rana a watan Afrilu, a dawo a tarar zanen ya ɓace. A baƙin yadi ko shuɗi, alli ko siririn guntun sabulu irin wanda teloli ke amfani da shi ya isa.

Zaren da ya fi sauƙin samu shi ne na auduga mai sili shida, irin na DMC ko Anchor da makamantansu. Ɗauri guda mita 8 ne. Ba a ɗinki da shi yadda ya zo. A yanki kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kimanin santimita 45, a riƙe bakinsa, a zaro sili ɗaya-ɗaya zuwa sama, sannan a haɗa adadin da ake so. Huji sili biyu, sarƙa kuma, wato ɗinkin madaukai a jere, sili uku. Wanda ya ja sili biyu a tare, zaren zai cukurkuɗe masa. Wanda kuma ya yanki zare mai tsawo don gudun yawan sa wa allura, ya sani kowane shiga da fita yana cin jikin zaren, kafin ya kai ƙarshe ya yi gashi, ƙyallinsa ya mutu, sai a ga rabin aska yana sheƙi rabi ya dushe. Zaren siliki na kasuwa mai walƙiya ya fi wannan rigima, yana zamewa yana warwarewa. In dole sai shi, a yanka shi santimita 30 a ɗan shafa masa danshi da soso.

Kowane zare mai launi a gwada shi kafin ya taɓa aiki, musamman ja da shuɗi mai duhu da baƙi. A jiƙa guntu, a matse shi a cikin farin ƙyalle, a bar shi minti goma. Idan ya bar alama, mai zuba ne. A ganina, aikin farko ya fi kyau da launi ɗaya: fari a kan fari, ko ruwan tsamiya a kan fari, ko fari a kan shuɗin rini irin na marinar Ƙofar Mata. Kyan wannan zane yana cikin inuwar da hujin ke yi ne, launi da yawa yana danne ta. Sai dai wanda zai yi aiki a kan rinannen yadi ya wanke shi sau da yawa tukun, har ruwan ya fito garau, in ba haka ba farin zarensa zai koma shuɗi-shuɗi tun a hannu.

Allura mai tsini da dogon ido ake so. Lamba 7 tana ɗaukar sili biyu ko uku. Aikin allura shi ne ta buɗe wa zare hanya, saboda haka idan ana jin zaren yana gurzar yadi da ƙara, ko sai an fizga yake wucewa, allurar ta yi ƙanƙanta. Idan kuma tana barin rami a gefen ɗinki, ta yi girma. Da damina kada a bar ta soke a jikin aikin, tsatsa tana kama ta cikin 'yan kwanaki, kuma tabon tsatsa a farin yadi ba ya jin sabulu.

Masu aikin riga na asali a hannu suke riƙe yadi ko a kan gwiwa, ba ruwansu da zobe, domin yatsunsu sun san iyakar jan da ya dace. Mai koyo bai kai nan ba. A sayi zoben katako mai faɗin santimita 20, a naɗe na cikin da siririn tsumma don ya kama yadi sosai kuma kada ya bar shaida. A ɗora ƙyallen, a danna na wajen, a ja gefuna bi da bi ana bin miƙewar saƙar, a ɗaure notin. Idan aka ƙwanƙwasa da yatsa ya yi ƙara kamar fatar ganga, ya yi. Da an tashi daga aiki a cire zoben, ko da gobe za a koma.

Kada a fara da ƙulli. Ƙulli yana yin ƙuraje a bayan aiki, yana bayyana idan an shimfiɗa shi a kwali, wani lokaci ma ya ɓullo ta gaba. Idan da sili biyu za a yi, a yanki sili ɗaya mai tsawon kamu biyu, a ninka shi, a sa bakunan biyu a idon allura. A fito daga baya, a koma, a zura allurar cikin madaukin da ya rage a bayan, a ja. Ya kama ke nan. Idan sili uku ne, a bar jela ta santimita 3 a baya, ɗinkin farko guda huɗu ko biyar su hau kanta. A ƙarshe kuma a zura zaren ƙarƙashin ɗinki huɗu na baya a yanke.

Da aska za a fara. A bi gefenta duka da ɗinkin baya, wato wanda allura ke komawa baya ta haɗe da takun da ya gabata, kowane taku milimita 2 zuwa 3, da sili biyu. Wannan shi ne katangar da za ta hana siffar karkacewa idan huji ya fara jan yadi. Sannan a ɗauki rula a ɗiga ɗigo a ciki, tazarar rabin santimita tsakanin kowane biyu, a tsaye da a kwance. Daga gindi, layi huɗu na farko ɗigo biyar-biyar, huɗu na gaba hurhuɗu, sai uku-uku, sai bibbiyu, sai ɗai-ɗai. Jimla huji 60 a cikin santimita 10. Ragowar santimita 2 na tsini ya yi wa huji ƙunci, da ciko za a rufe shi.

A nan ne aikin yake, kuma a nan ya kamata a yi haƙuri. A kan kowane ɗigo a soka basilla ko allura mai kauri a juya ta. Manufar ita ce a ture zaren saƙar gefe, ba a yanke shi ba. Ramin da aka yi da reza ko bakin almakashi zai ci gaba da yagewa har ya haɗe da maƙwabcinsa. Sai a fito da allurar ɗinki milimita 2 daga bakin ramin, a shiga ta cikin ramin, a sake fitowa kusa da inda aka fara, a sake shiga ramin, haka har a kewaye. Taku 10 zuwa 12 suna rufe huji guda. Kullum fitowa ta waje, shiga ta rami. Wanda ya juya, yana fitowa ta ramin, allurarsa za ta riƙa tsaga zaren da ya riga ya kwanta, bakin hujin ya yi kaca-kaca. Ana jan zaren ne lokacin da aka fito ta waje, a ja shi nesa da ramin, wannan jan shi ke buɗe hujin ya yi da'ira. Masu son bakin ya yi tudu sukan sa zaren ƙarƙashin allura a kowane taku, irin ɗinkin ramin maɓalli. Ya fi ƙarko, ya fi cin lokaci da zare, kuma ya fi kama da abin da ake gani a tsofaffin riguna.

Abubuwa uku ne suka fi ɓata huji. Idan wasu ramukan sun fi wasu girma, ƙarfin ja ne yake canzawa, kuma yawanci yana faruwa ne idan mutum ya gaji ko yana sauri ya ƙarasa layi. Gara a tsaya a tsakiyar layi da a ƙarasa shi da gajiya. Idan yadin da ke kewaye da askar ya tattare, ko dai zoben ya saki, ko an tsananta ja. Idan kuma ana hango zare ta cikin ramin, to wajen tsallakawa daga huji zuwa na gaba ne aka ratsa ta bayansa. A riƙa kammala kowane huji ta gefen da ke kusa da na gaba, a bi ta ƙarƙashin ɗinki. A yi layi daga hagu zuwa dama, na biye daga dama zuwa hagu, kada jan ya taru a gefe ɗaya askar ta lanƙwashe. Ga mai koyo huji guda yakan ci minti biyu, wato aska ɗaya kamar awa biyu ban da gefe. Zare kuma, huji guda yana cin kimanin santimita 6, aska ɗaya mita 4 da rabi idan an haɗa da asarar farawa da gamawa. Ɗauri guda idan aka raba shi sili bibbiyu yana ba da mita 24, ke nan ya ishi askake biyun har da saura.

Cikon tsini a yi shi a kwance, daga gefe zuwa gefe, zare kusa da zare, allura tana shiga ta wajen ɗinkin bayan da aka yi tun farko don bakin ya fita sumul. Kowane irin ciko, kada taku ya wuce santimita 1, in ya wuce yana saki yana maƙale wa abubuwa. Bayan an gama duka sai a kewaye askar da sarƙa, ita za ta rufe duk wata 'yar rashin daidaito ta bakin layi.

Tambari da sarƙa ake yinsa, sili uku, daga tsakiya zuwa waje. A fito, a koma daidai ramin da aka fito, a bar madauki, a fito a cikinsa milimita 3 gaba, a ja a hankali har madaukin ya kwanta. A zagaye biyu na farko a rage takun zuwa milimita 2 ko ƙasa da haka, domin dogon taku a ƙaramar da'ira kusurwa yake yi. Ana juya zoben ne a hannu yayin da ake tafiya, ba a karya wuyan hannu ba. Babbar matsalar tambari ita ce ya tashi tsakiya ya yi tsororuwa da zarar an cire zobe. Dalilin shi ne kowane zagaye ya ɗan matse yadin, matsewa takwas ta taru. Madaukin sarƙa ya zama mai ɗan ciki, ana ganin buɗewarsa. Idan ya koma siririn layi, an ja da yawa. Tsawon layin tambarin nan ya ɗan haura mita 1, sarƙa kuma tana cin kusan ninki huɗu na tsawonta, a tanadi mita 5 na sili uku. Kowane minti kaɗan a saki allurar ta yi lilo, murɗewar zaren ta warware.

Wanda yake son ƙara dagi a sama ko a kusurwa, irin wanda gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka alamarta a zamanin Sardauna, ya zana shi da layi biyu masu tazarar milimita 6, kuma tun a takarda ya yi alama a kowace mahaɗa: wane ne ya hau, wane ne ya shige ƙasa. Idan aka bi zirin da yatsa, dole ya zama sama, ƙasa, sama, ƙasa, har a dawo mafari. Sama biyu a jere ya kashe saƙar, kuma ba a cika lura ba sai an gama an ja da baya an duba.

Farin aiki yana ɗaukar datti daga hannun mai shi. A wanke hannu kafin a zauna, kada a taɓa shi da sabon lalle, ko man shafawa, ko turare mai maiƙo. Da hunturu yatsu suna kaushi suna kama silin zare, maganinsa a shafa mai da dare, ba dab da ɗinki ba. A ajiye aikin a cikin tsohuwar rigar filo saboda ƙura. Hasken safe ko na la'asar a inuwa ya fi fitilar caji, kuma bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a kalli nesa. Idan farkewa ta kama, a yanke ɗinkin ta baya da ƙaramin almakashi, a tsince guntayen, a shafa wurin da farce don saƙar ta koma. Zaren da aka farke ba a sake amfani da shi.

Wanki da ruwan sanyi ne da sabulu mara ƙarfi, babu bilic, babu cuɗawa. A jiƙa minti 15, a ɗauraye har ruwan ya fito fes. Idan aka ga launi ya fara zuba, kada a bari ya bushe, a ci gaba da canza ruwan sanyi har ya daina. Ba a murɗe shi. A shimfiɗa a tawul, a naɗe, a danna, sannan a shanya a inuwa. Tun yana da ɗan danshi a kifa shi a kan tawul mai laushi a goge ta baya, ta haka yadin zai miƙe, huji da sarƙa kuma su nutse cikin tawul su riƙe tudunsu. Mai dutsen guga na gawayi ya sa farin ƙyalle a tsakani saboda toka.

Wajen sa shi a firam, a yanki kwali mai ƙarfi santimita 25 da 25, a lulluɓe shi da farin ƙyalle, a ɗora aikin a tsakiya, a soka fil a gefunan kwalin ana farawa daga tsakiyar kowane gefe. A juya, a ɗauki zare mai ƙarfi a haɗa gefen sama da na ƙasa da dogayen taku masu tazarar santimita 2, sannan hagu da dama, ana ja daidai gwargwado har gaban ya miƙe. Gam yana ratsa yadi ya yi rawaya da daɗewa, kuma ba ya barin a cire aikin a sake wankewa, don haka a guje shi. Idan za a sa gilashi, a gaya wa mai firam ya sa siririn katako ko kwali a gefe don gilashin kada ya kwanta a kan zaren, domin da damina danshi yana taruwa a nan fumfuna ta kama. A rataye shi a bangon da rana ba ta bugawa kai tsaye, kuma ba wanda ke tsattsafo ba. A kusurwar baya ta ƙyallen, kafin a rufe, a ɗinka shekarar da aka yi aikin da sili ɗaya.